Rubutun Baba a Ƙofar Bayan Mota

Poiana Mierlei,
27 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Tiberiu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Sanda da yara. Allah ya ƙara muku rufin asiri, ya tsare ka a kan dogayen titunan Kanada da kake kwana kake tashi a kansu. Na san za ka yi mamakin ganin ambulan da kan sarki alhali muna da waya. Dalilin shi ne a waya kai kaɗai kake magana. Kana tuƙi, kana tauna wani abu, kana ce mini "Yaya, ina jin ki," ni kuma ina kallon rufin babbar motarka da ƙasan haɓarka. Takarda kuwa sai mutum ya zauna.

Mu nan lafiya lau, idan "mu" tana nufin ni da kaji bakwai da kyanwar Baba, wadda har yau ba ta yarda ni ce mai gidan ba. An rufe makarantar ƙauye a watan jiya, yara huɗu suka rage. Ina nan ina sauka gari Talata da Juma'a in koyar da kimiyyar sinadarai ga yaran da duk sun riga sun san ƙasar da za su tafi. Gwaggo Veturia tana can gidanta na kan dutse, gwiwa ta matsa mata amma bakin yana nan daram. Na nuna mata hoton ɗanka Iustin, ta ce kunnuwan gidanmu ne, Allah ya ba yaron haƙuri.

Ranar Asabar da ta wuce muka yi addu'ar cikar Baba shekara ɗaya, Allah ya ji ƙansa. Na dafa alkama da zuma, fadan cocinmu ya yi abin da ya saba, mutum goma sha huɗu suka zo, har da shi fadan da mai haƙa kabari. Mun miƙa kayansa sadaka ta saman kabarin kamar yadda ake yi. Kwat ɗinsa da takalman daji na ba maƙwabcinmu Kawu Pamfil, tsohon mai gadin gandun daji, wanda ya karɓa yana kuka yana kuma duba ko ƙasan takalman ya ci. A bakin maƙabarta Gwaggo ta ja ni gefe ta ce ya kamata motar Baba ma a bayar, don mutumin da ya yi shekara talatin yana hawan duwatsu da jif bai kamata ya isa lahira a ƙafa ba. Na ce mata motar taka ce, ta Tibi, Baba ya faɗa da bakinsa. Ta ce wane Tibi, na cikin waya?

To, maganar motar ce ta sa na ɗauki biro. Kayan da ka saya ta intanet sun iso tun farkon wata: kwalabe takwas na baƙin fentin nan mai kauri da ka ce da shi kuke fesa bayan a-kori-kura a can, da ruwan da ake zubawa ya daskare, da bindigar feshi. Mai kawo kaya ya ga hanyarmu ya ce shi yana da iyali, ya ajiye kwalin a shagon bakin gada. Na karanta saƙonka har sau uku. In fesa ƙasan motar da bamba da madigadi da wurin kaya na baya, kada gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya gama da ita, don da bazara mai zuwa za ka zo mu hau har makiyaya kamar da. Ka sa alamar mamaki huɗu a ƙarshe. Na ƙirga.

Injin iskan da ke tura feshin na Kawu Pamfil ne, kuma ba ya ba da aronsa sai da shi kansa a haɗe. Ya zo ya buɗe kwalba ɗaya ya shinshina, ya ce, "Malama, ashe mutanen Kanada ma sun gano kwalta? Allah ya sanya alheri." A ganinsa ba abin da ya kai dabarar su Baba: tsohon baƙin mai a dama da kitsen tunkiya, a shafe ƙasan mota duk kaka. Na ce masa wannan dabarar ce zan kwashe kwana huɗu ina kankarewa. Haka kuwa aka yi. Kwana huɗu ina kwance a kan kwali ƙarƙashin motar, da burushin waya da sanfefa, kitsen tumakin da suka mutu tun muna firamare yana zubo mini a fuska. Shi kuma yana zaune a kan tsohuwar taya yana ba ni shawara. Ya ce da ya san ƙarshen digiri ke nan da bai ji haushin rashin zuwa jami'a ba. Na ce masa ya miƙo mini sifana mai lamba goma sha uku, ita ma karatu ce. Ban ɓoye maka ba, rabon da in yi magana da mutum mai rai kwana huɗu a jere tun rasuwar Baba.

Abin da ba su faɗa a bidiyon da ka turo mini shi ne wannan fentin ba ya kashe tsatsa, rufe ta kawai yake yi. Idan ka fesa a kanta, waje zai yi kyau kamar sabo, ita kuma ta ci gaba da cin abincinta a ciki cikin kwanciyar hankali, har ranar da ƙafarka za ta faɗa ta ƙasan motar. Dole a goge sai ƙarfe ya yi fari. Sannan in ya daskare ya daskare ke nan, ba ya fita sai da giranda, kuma ya fita da abin da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka duk abin da kake so ka sake gani sai ka rufe shi da salatif tukuna: bakin notuna, ramukan da ruwa ke fita, lambar shasi. Kawu Pamfil ya ba ni labarin wani a ƙauyen ƙetaren rafi da ya fesa motarsa duka har da lambar, ya kai ta wurin masu duba lafiyar mota suka ce su ba su ga shaidar wannan halitta mota ce ba. Tana can kaji suna ƙwai a ciki, ya ce, amma ko ɗigon tsatsa babu.

A rana ta biyar na zo kan ƙofar baya, wadda ake saukewa a loda kaya. Ka tuna Baba ba ya riƙe littafi. In ya yi wa mota wani aiki, sai ya ɗauki ƙusar nan da ke rataye da igiya a gefe ya karce kwanan wata a jikin ƙofar daga ciki. Na sha ganinsa yana yi ban taɓa karantawa ba, maiƙo da ƙura sun rufe wurin. Da na wanke da fetur sai rubutun ya fito, layi bisa layi, da hannun nan nasa mai karkata kamar shingen Gwaggo. Duk juyen mai ne: rana, wata, shekara, da kilomitan da motar ta yi. Na sama ba su da tsari, wani a Maris, wani a Nuwamba, duk lokacin da motar ta ci tafiyarta. Daga shekarar da ka tafi sai suka daidaita. Layi tara, dukansu a Yuli. Tsakanin wani da wani kilomita ɗari uku, ɗari huɗu, akwai shekarar da ba ta kai ɗari biyu ba. A ƙarshen kowane layi akwai harafin T, da wata rana a cikin Agusta.

Na daɗe a tsugune kafin in gane, ni da ake ce wa mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ranakun da ka ce jirginka zai sauka ne. Sha biyu ga Agusta, shekarar da Sanda ta samu cikin Daria. Uku ga Agusta, shekarar takardun zama. Ashirin ga Agusta, shekarar da kuka sayi gida. Duk na tuna su, don ni nake ɗaukar wayar in ka kira ka ce ba zai yiwu ba, ni nake zuwa gareji in faɗa masa. Ba ya cewa komai sai "to, aiki ne," ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma.

Ga abin dariyar. Bana ma an juye mata mai a Yuli, ni na juye. Shekaru ina riƙe masa mazurari duk Yuli, har na ɗauka doka ce ta injuna, kamar yadda ake yanka alade kafin Kirsimeti. Na faɗa wa Kawu Pamfil haka, yana tsaye a bayana. Ya cire hularsa ya sosa kai ya ce, "Haba Malama, da karatunki. Motar da ba ta je ko'ina ba me za ta yi da sabon mai? Man da babanku yake zubarwa nakan kwashe in zuba a tawa, garau yake kamar zuma." Ashe duk ƙauyen sun sani. Ya ce Baba yakan ce kada yaron ya zo ya tarar da mota ba a shirye ba. Bayan haka sai ya ce bari ya je ya duba injin iska, wanda ba abin da ya same shi.

Na duba ƙofar daga sama har ƙasa, Tibi, ba zan yi maka ƙarya ba, ina neman harafin O, farkon sunana. Babu. Na san dalili, ba a rubuta ranar zuwan wadda take ɗaki na gaba tana tuƙa tuwon masara. Ban ji haushinsa ba. Amma na duba sau biyu.

Washegari rana ta fito, iska ta bushe, irin ranar da fentin yake so, kuma ba lallai a sake samun irinta ba kafin dusar ƙanƙara. In ka zuba ruwan daskarewa a kwalba ka girgiza, awa ɗaya gare ka, bayan nan ya zama dutse a hannunka. Na ɗaura takunkumi na fara. Na yi ƙasan motar, na yi madigadi huɗu, na yi bamba gaba da baya, na yi wurin kaya inda muke zama ni da kai a kan buhunan cuku muna faɗa a kan wa zai riƙe kare. Ya kwanta da kyau, baƙi mai ƙurji-ƙurji kamar fatar kwaɗo. Kawu Pamfil ya taɓa da ɗan yatsa duk da na hana shi, shaidar yatsansa tana nan a bamba har abada. Sai ya rage ƙofar baya da rabin kwalba ta ƙarshe, da kamar minti goma.

A ƙa'ida in goge rubutun da sanfefa in fesa, ƙofar ta ƙara shekara ashirin lafiya. In kuwa na fesa ba gogewa, rubutun ya tafi duk da haka, tsatsa kuma ta samu ɗaki. Na tsaya da bindiga a hannu ina tunanin wanne ya fi maka sauƙi. Da na rufe shi, da ka zo wata rana ka ga mota fes, ka shafa ta ka ce Yaya kin iya aiki, ba abin da zai dame ka. Na kusa yi maka wannan alherin. Kawu Pamfil ya ce, "Malama, kwaltarki tana mutuwa." Sai na ajiye bindigar, na yanko shafin jarida na rufe layukan, na zagaye da salatif, na fesa sauran ƙofar. Da na ɓare takardar sai ga wuri kamar faɗin littafin makaranta, ƙarfe tsirara a tsakiyar baƙi.

Na san akwai man da ake shafawa mai haske wanda zai kare wurin, ni nake koyar da shi. Ban shafa ba. Ban kuma ɗauki hoto ba, kada ka roƙe ni, don na san in na turo za ka kalla a wurin shan mai, idonka ya cika, ka turo mini alamar zuciya, shi ke nan an gama. Karce ne marar zurfi a ƙarfe marar fenti, a garejin da rufinsa ke yoyo ta kusurwar hagu. A lissafina zai kai hunturu biyu ana karanta shi. Na uku sai dai ka tambaye ni abin da ya ce, ni kuma ka san halina, ba lallai in tuna ba.

Ban karce layi na goma ba. Ƙusar tana nan a igiyarta. Yuli mai zuwa ba zan juye mai ba, na riga na faɗa wa Kawu Pamfil ya nemi wata hanyar samun na banza. Motar zan riƙa hawa da ita wurin Gwaggo duk Laraba in kai mata burodi da magani, ta daina zaman jiran kowa. In ka zo, galan ɗin mai yana kan kanta, mazurari yana rataye a bayan ƙofa, zan riƙe maka. Kada ka faɗa mini rana. Ka kira ni daga bakin gada kawai, in sauko in ɗauke ka.

Ka gaishe mini da Sanda da kyau, ka ce na gode da safar ulu, su nake sawa in shiga gareji. Ka sumbaci Daria, ka ja wa Iustin kunne a madadin Gwaggo. Gwaggo Veturia tana gaishe ka, ta ce ka rage ƙiba. Kawu Pamfil ma yana gaisuwa, ya ce in tambaye ka ko wannan baƙin abin yana kama gwiwar mutum. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Ozana