Itacen da Buzaye Sunka Kawo

Daga Hajjo, Ƙofar Kware, Sakkwato, zuwa ga Yaya Mika'ilu a Kano.

Bayan sallama da gaisuwa, Yaya, raina a ɓace yake. Buzaye sun kawo ma maigidana wani itace da sunka tsinta cikin Sahara. Ya fi mutum tsawo, murɗaɗɗe, da rami a tsakiya da rubutun Nasara. Ka san halinsa, shekara talatin yana sassaƙa, wai babu itacen da bai sani ba. To wanga ya gagare shi. Ya jingine shi a zaure, ya watsar da turame da akusa, kullum sai shafa mai da ƙura ido. Yanzu unguwa na cewa gunki munka aje. An daina cin tuwona, Yaya! Alƙali ya ba mu zuwa ƙarshen wata mu faɗi ko mine ne, ko mu tashi. Kai ka ga duniya, ka amsa da gaggawa. Wassalam.

Daga Mika'ilu zuwa ga ƙanwata Hajjo.

Aminci ya tabbata gare ki. Mutanen unguwarmu sun ba ni kunya. Farfela ce ta jirgin sama. Da idona na ga irinta ran da jirage suka sauka Kano, a hancin jirgi take juyawa. Ki gaya wa mijinki Malam Illo kada kowa ya taɓa ta, ita ce shaidarku. Da na sayar da shanuna zan zo da Hayatu, wanda ya yi lebura wurin jiragen, ya yi wa alƙali bayani. Na ba wani mai koro shanu takardar nan, zai biyo ta wajenku. Allah ya sanyaya.

Daga Hajjo.

Sallama. Ga gidan waya, amma kai sai ka ba mai tahiya a ƙasa. Kwana ashirin da ukku takardarka ta yi a hanya. Ana saura kwana ɗaya wa'adin alƙali ya cika, ba ta iso ba, na ɗauki gatari, maigida na masallaci, na faskare itacen, na ƙone a ƙohwar gida kowa na gani. Sai sunka ce ai da ba gunki ba ne da ban ƙone ba. Anka tashe mu, muna ƙauyen Kwalkwalawa yanzu. Da anka karanta mishi takardarka, abu ɗaya ya tambaya, ko ka faɗi wane itace ne. Anka ce mishi ba ka faɗi ba. Kada ka wahal da Hayatu, babu abin da zai duba. Wassalam.