Ranar da Alƙali Zai Duba Lasisina

Litinin, 6 ga Maris
Gudun mil casa'in da huɗu a awa, inda doka ta ce sittin. Haka ɗan sandan ya rubuta. Na ce masa titi fayau ne, ko kare babu. Ya ce, "Hajiyar gudu, ki faɗa wa alƙali." To, bai ce hajiya ba, amma muryarsa ta ce. Ba tara ba ce wannan karon, kotu ce, kuma suna iya ƙwace lasisin tuƙina.

Talata, 7 ga Maris
Ban gaya wa Baba ba. In lasisi ya tafi, wa zai riƙa kai shi wankin ƙoda asibitin garin Roanoke? Bas ba ta zuwa kwarinmu. Tsofaffin da nake bi gida-gida ina gyara musu gashi kuwa, sai dai su koma kama da tsintsiya.

Alhamis, 16 ga Maris
Na ga lauya, Mista Pruitt, mai magana kamar ana biyansa ya ja lokaci. Ya ce kafin ranar shari'a in kai mota a auna malejinta, ko Allah zai sa ƙarya take yi, in kuma shiga aikin sa kai, alƙalai na son ganin haka. Na kai garejin Delbert. Ya fito yana goge hannu yana dariya: "Lorna, motarki ta fi ki gaskiya."
Na so in kwaɗa masa sifana.

Asabar, 25 ga Maris
Aikin sa kan ashe tsintar shara ne a bakin titi. Titin da aka kama ni! An ba ni riga mai ƙyalli da buhu. Shugabar ayarin, wata dattijuwa Odessa, ta ce, "Ƙanwata, fuskarki wajen motoci kullum. Kar ki ba su baya." Na ce a raina ji iyayi.
Wata farar mota ta wuce, iskarta ta fizge buhun daga hannuna. Na ɗura mata zagin da ban san na iya ba. Odessa ta ce, "Wannan ai saba'in take yi kawai."
Na bi buhun na ɗauko.

Lahadi, 26 ga Maris
Na kasa zama. Na wanke firji, na sake wankewa.

Asabar, 1 ga Afrilu
Bayan gada akwai ɗan farin gicciye da furannin roba da rana ta cinye. Na kai hannu zan kwashe furannin, na ɗauka shara ce. Odessa ta kama min wuyan hannu. "Ba ma taɓa waɗannan. Zagayewa muke yi." Sai ta durƙusa ta miƙar da gicciyen don ya karkace. Na tambaye ta ko ta san wanda ya mutu a hatsarin mota a wurin, aka kafa gicciyen dominsa. Ta ce a'a, amma uwar wani na wucewa ta nan. Sau nawa na bi wurin, wallahi ban taɓa ganinsa ba.

Laraba, 12 ga Afrilu
Pruitt yana so in zo da Baba kotu a keken guragu, alƙali ya gan shi ya ji tausayi. Dole na faɗa wa Baba komai. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "Casa'in da huɗu kawai suka samu? Kin yi sa'a." Na ce Baba ba wasa nake ba. Ya ce zai zo, amma da ƙafarsa, shi ba kayan talla ba ne.
Tsoro nake ji. Na rubuta, tsoro nake ji.

Litinin, 17 ga Afrilu
Na haddace jawabin da Pruitt ya shirya min. Na karanta wa madubi, ni kaina ban yarda da matar ba.

Talata, 18 ga Afrilu
Alƙaliya ce, ƙarama, da tabarau a goshi. Ta ce ina da abin faɗa? Jawabin ya gudu tas. Abin da ya fito kawai: "Ya mai shari'a, na tsaya a bakin titin nan da ƙafata. Ba ni da hujja. Mahaifina ne dai." Pruitt ya runtse ido kamar mai ciwon haƙori.
Ta daɗe tana kallon Baba, yana tsaye da sandarsa ya ƙi zama. Ba ta ƙwace lasisin duka ba: wata shida, wurin aiki da asibiti kaɗai zan tuƙa, in na kauce ko da zuwa sayen madara ne, shike nan.
A waje na kama hannun Baba muka nufi mota.

Juma'a, 21 ga Afrilu
Mun dawo daga Roanoke. Wani mai akori-kura ya manne min a baya yana ta walƙiya da fitila, na bar shi ya wuce. Don alƙaliya ne, ba wani abu ba.
Da muka iso gida na juya zan ce mu sauka, sai na ga Baba na barci, baki buɗe, hula ta zame. Tun da na fara kai shi asibitin nan bai taɓa runtsawa a motata ba. Da ina cewa ciwon ne ke hana shi.
Ƙila sun canza masa magani.
Ban kashe injin ba. Na zauna har ya farka da kansa.