Man Gyaɗa a Bindigar Kaka

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Ya jikin Innarka, ya ƙannenka, ya damina? Ni lafiya lau, ina nan ina gadin ƙofar mutane, ko sanda babu.

Saƙonka ya hana ni sukuni. Ka ce gadu ya taso maka a gonar rogo, ka harba bindigar marigayi Kakanka, ka ja sakata, harsashi na biyu ya ƙi hawa. Allah ne ya tsare.

Jiya a ɗakinmu na unguwar Najma, nan ƙasar waje, na ba Malam Awudu labarin, wani ɗan Kumasi da ya taɓa aikin soja. Ya ce, "Da me kuke shafe ta?" Na ce man gyaɗa, ni na ɗura shi har gidan harsashi kafin in taho, gudun tsatsa. Ya ce, "Kalas, shi ke nan! Garba, bindiga ce ko kaskon ƙosai?" Ashe man ne ya daskare ya riƙe sifirin ɗin da ke tura harsashi.

Laifina ne, Sani, ka yafe wa ubanka ɗan aji uku. Ka kai ta wurin maƙeri ya wanke da kananzir, ya duba sifirin. Kafin nan ka bar wa gadu gonar. Rogo yana da madadi, kai ba ka da shi.

Ka gaida kowa, ku sa ni a addu'a.

Mahaifinka,
Garba