Mukullin Shagon Okoro Tela

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Ikko? Mu nan Gwaram sai godiya.

Masu aikin kwalta za su rushe shagon Okoro tela, wanda ya bar wa Baba mukullinsa gab da yaƙin basasa, ya ce zai dawo bayan kaka. Har Baba ya rasu bai taɓa amanar nan ba.

Jiya dole ta sa na buɗe. Keken ɗinkin yana nan cikin saƙar gizo-gizo, 'yar rigarka ta Sallah a ƙarƙashin allura, saura hannu ɗaya. Inna ta ce kada a zare, wai mai aikin bai gama ba.

Ka sa mu a addu'a, har yanzu ina jin ƙarar keken nan. Ka gaida yara.

Ƙaninka,
Haruna