Ba A Shara Bayan Matafiyi

Zuwa ga Taisiya Gavrilovna, gaurakar bakin kogin Volga, doguwa mai wuyan zalɓe, wadda iska ke kauce wa idan ta taso, wadda manyan birane suka miƙe tsaye suna yi wa tafi. Taya tawa, hasken rana a kan ƙanƙara, mai daɗin kallo mai sa ido hawaye! Zumar tsakiyar bazara, wadda ba a shan ta sai an sha harbi! Gaisuwa daga nan ƙasa, inda kika bar mu, mu gajeru.

Labari ya iso ni, ba daga bakinki ba. Gwaggo Nyura maƙwabciyata ce ta leƙo ta kan shinge, tana riƙe da kati mai bakin zinare, tana karanta mini da ƙarfi kamar kurma ne ni: wai ranar Asabar za ki hau jirgin ƙasa zuwa Moscow, ki auri Eduard Valentinovich, Edik ɗinki, attajirin da ya yi arziki da sayar da na'urar shara. Kowane gida a layinmu an kai masa katin, har gidan mai gyaran takalmin da kika ce warinsa na hana ki wucewa. Ƙofata kawai aka tsallake. Ban yi mamaki ba, ai tsallakewa sana'arki ce. Madalla da wannan zaɓi, ranki ya daɗe! Kin zaga duniya, kin ga maza iri-iri, masu gudu da masu jifa da masu ɗaga ƙarfe, kika rasa wanda za ki miƙa wa hannu sai mutumin da ke fesa turare kafin ya amsa waya.

Kin tuna tafiyarki ta farko kuwa, ko lambobin zinare sun danne miki tunani? Kina 'yar shekara goma sha tara, kina haya a ƙaramin ɗakin bayan gidanmu, ba uwa ba uba a garin, sai dogayen ƙafafu da akwatin aro mai igiya a ɗaure. Helsinki za ki, gasar tsallen sama. Kin riga kin kama ƙofa Mama ta jawo ki baya, ta ce ba a fita tafiya haka kamar ɓarawo, a zauna tukuna. Muka zauna shiru mu uku, kamar yadda kowane gida mai mutunci ke yi, ita a kujera, ni a kan bokiti, ke a kan akwatinki, gwiwoyinki har haɓa. Ina jin numfashinki, ina jin agogon bango, ina roƙon Allah kada mintin nan ya ƙare. Da kika fita na ga taɓon da takalminki ya bari, na ɗauko tsintsiya. Mama ta zabga mini tsumman kwano a hannu, ta ce, “Ajiye, sakarai! So kake ka share 'yar mutane daga gidan nan har abada? Ba a shara bayan matafiyi sai ya isa.” Haka muka yi ta taka taɓonki har kika bugo waya kika ce kin sauka lafiya. Kika dawo da tagulla a wuya, kika cinye mana tukunyar miyar kabeji ke kaɗai.

Daga nan abin ya zame mana doka. Osaka, Berlin, Doha, duk inda za ki, sai kin biyo ta gidanmu kin zauna a kan akwati, akwatin yana canjawa daga na aro zuwa na fata mai taya, tsintsiyarmu tana bayan ƙofa tana hutawa. Mama ta rasu, na ci gaba ni kaɗai. Abokan aikina a jirgin fito ba irin tsiyar da ba su yi mini ba. Da sassafe ina kunna inji za ka ji wani ya ce, “Fima, yaya, amaryar ta sauko ko har yanzu tana sama?” Wani ya ce in riƙa yawo da kujera 'yar tsuguno don ranar da za ki yarda in sumbace ki. Na shanye, ina dariya tare da su, don na ɗauka wadda nake yi dominta ta san ina yi.

Kuma wai mene ne ma aikin da ake ta yi miki kirari a kansa? Ki tsaya kina magana da kanki kamar mai aljanu, ki ɗaga yatsa ɗaya, ki yi 'yan taku a karkace, ki juya wa sanda baya, ki faɗa kan katifa. Shi ke nan! Akuyar Gwaggo Nyura kullum sai ta haure shingena ta cinye mini kabeji, ba wanda ya taɓa buga mata taken ƙasa. Amma kaitona, ni ne dai wawan da ke durƙushe gaban talabijin, numfashi a riƙe, shayi ya huce a hannu, ina kallon bayanki yana lanƙwashewa a sama kamar jinjirin wata, gashinki yana bin ki, sandar tana rawa tana shawarar faɗuwa. Ranar da kika haye mita biyu, ni da ko rariyar bakin titi sai na zagaye, na yi tsallen da na fasa fitilar ɗaki da kaina. Tabon yana nan a goshina, kin sha ganinsa ba ki taɓa tambaya ba.

Na nemi aurenki, kika ce bari kakar wasa ta wuce. Ta wuce, na sake nema, kika ce akwai babbar gasa a gaba. Ke da bakinki kika koya mini cewa a wasanku idan an ɗaga sanda ba a sake sauke ta, ni kuwa ban gane da ni kike ba. Sai shekarun nan suka zo da aka rufe wa 'yan wasan ƙasarmu ƙofar gasannin duniya. Ina masu tafi? Ina masu ɗaukar hoto, da masu kawo miki takalma kyauta, da 'yan jaridar da ke kiran ki 'yar sama? Duk suka watse kamar tsuntsaye sun ji bindiga. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Teburina kika dawo, kina ɓare busasshen kifi da dafaffen dankali, kina kuka a cikin shayina, da asuba in raka ki zauren motsa jiki mai sanyi kamar kabari, in tsaya ina mayar miki da sanda duk sanda ta faɗi. A lokacin ina Edik? Yana can yana koya wa matan Moscow yadda ake danna maɓalli.

Da ƙofa ta sake buɗewa sai ga shi, da baƙar mota da furanni da haƙora farare kamar na talla. Tafiyarki ta ƙarshe, wadda kika ce da ita za ki rufe, ba ki biyo ta gidanmu ba. Daga benensa kika tashi. Ya zauna da ke? Ina! Yana tsaye yana waya, yana nuna miki agogo. Kuma ke kika ba ni labarin da kanki, kina dariya, wai ko ƙasan bene ba ku kai ba, na'urar nan tasa mai rarrafe kamar kunkuru ta fito daga ƙarƙashin gado da kanta, ta bi sawunki har bakin ƙofa ta lashe tas. Kika je Rome, a gaban duniya, kika zubar da sanda sau uku a tsayin da da can kike hayewa da takalmin sanyi a ƙafa. Likita ya ce gwiwa ce. Jaridu suka ce shekaru ne. Gwaggo Nyura ta tofar da yawu ta kafaɗar hagu don kore tsautsayi, ta ce ita ba ta ce komai ba. Ni ba mai camfi ba ne, Taya, injin gas nake tuƙawa, na san abin da ke sa ƙarfe motsi. Abin da na sani shi ne, gidan da ba a iya zama minti ɗaya dominki, gidan da ke share kansa kafin ƙamshinki ya bar ɗaki, ba gidan da zai jira ki ba ne ran da gwiwa ta biyu ta gaza.

Sai makon jiya kika zo ɗaukar lambobinki da ke cikin kabad ɗin Mama. Ana ruwa, gari duk taɓo. Silifas ɗinki na cikin gida suna nan bakin ƙofa inda suke tun shekaru, manya kamar kwale-kwale biyu, na tura miki su da ƙafa, kika yi kamar ba ki gani ba. Kika shigo da takalmi, ke da kika san ko ɗan sanda ba ya yi mana haka. Na dafa shayi, kika ce kina sauri. Kika kwashe zinarenki da azurfarki cikin jakar leda kamar mai sayen albasa, kika dube ni daga can sama kika ce, “Fima, kai mutumin kirki ne, amma ka cika zama wuri ɗaya.” To da wa zai zauna, gimbiya? Da na tashi ina bin iska kamar ki, wa za ki tarar duk ranar da kika faɗo? Na jawo miki kujera, na ce ko don Mama ki zauna kafin ki fita. Kika ce mota na jira.

Na ji haushinki, kuma har yanzu ina ji. Ina jin haushin tsayinki da girman kanki da wannan dariyar taki mai fitowa ta hanci. Ina jin haushin kaina fiye da haka, don son maso wani ƙoshin wahala ne, ni kuwa na ƙoshi har na kasa tashi. Wace irin mace ce ke, da za a raina ki da safe, a kwana ana begenki? Me kika zuba mini a shayi tun kina 'yar haya, da har kogi ya daskare ya narke sau nawa ban warke ba? Ina ƙaunarki, Taya, ƙauna mai nauyi mara ado, irin ta baƙin burodi, wadda ba a sa ta a kati mai bakin zinare.

Ga roƙona, kuma ba da durƙuso nake yi ba, gajartata ta isa. Jirginki sai da rana zai tashi. Hanyar tasha ta ƙofar gidana ta bi, ko direban Edik ya san haka. Ki tsaya. Ki shigo da akwatinki, ki cire takalmi, ki zauna a kai, ni in zauna a kan bokiti, mu yi shiru minti ɗaya kamar yadda aka koya mana. Ba zan ce uffan ba. Idan mintin ya cika kika iya miƙewa, to ki tafi, Allah ya kiyaye hanya, ya bar ki da kunkurunki. Amma na san ki. Tsayin da kike tsoro ne kaɗai kike ƙin kallo, kuma shi ya sa kika ƙi kujerar nan makon jiya.

Sawunki yana nan, daga bakin ƙofa zuwa kabad, daga kabad zuwa bakin ƙofa, taɓon ya bushe ya yi fari. Zagaye shi nake yi in je kicin. Jiya Gwaggo Nyura ta shigo da tsintsiyarta, ta ce, “Ɗan nan, wannan ƙazanta ta isa, mai tafiya ta tafi.” Na karɓe tsintsiyar na jefa mata ta kan shinge. Idan kin ƙi zuwa, ki sauka a Moscow, ki bugo waya ki ce kin isa, ki aiko da hoton biki, ki haifi 'ya'ya dogaye masu ƙamshin turare. Ba zan yarda ba. Mama cewa ta yi sai matafiyi ya isa, ni kuwa wuri ɗaya na sani a duniya da za ki taka in ce kin isa.

Naki, jiya da yau da ranar da za a rufe ni,
gajeren da bai share ba kuma ba zai share ba,

Yefim, Fimanki