Hannun Daman Auta

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da kin san halinta. 'Yarki, takwarata, ta koma makaranta, tana gaishe ki.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Kullum ko ana kiranku atisaye, ko caji ya ƙare. Takarda kuwa ba ta katse ni. Yayanki zai ɗauki hotonta ya turo miki.

Da kika zo hutun nan na ga abin da ban so in faɗa a gaban yarinya ba. Kin zauna za ki yi mata kitso, kika tsaga gashin, kika kasa kama shi, sai kika ce wai kin manta yadda ake yi. Ni na koya miki kitso, ba ki manta ba. Yatsu biyu na hannunki na dama ne ba sa lanƙwasawa. Kofin shayi ma da hagu kike ɗauka, kamar wadda ba a yi wa tarbiyya ba.

Na tsare yayanki har ya faɗi gaskiya. Tun bara likita ya ce a yi miki aiki, kin ƙi. Kafin kowane wasa sai an yi miki allura hannun ya mutu, sannan ki zura safar hannu. Likitan ya ce in aka ci gaba a haka, yatsun za su sandare, ba gyara.

Tun kina sakandare na ce ban ga dalilin da mace mai hankali za ta tsaya a bakin raga ana ɗirka mata ƙwallo ba. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ya goya miki baya, na haƙura, ko da yake ban yi shiru ba. Amma jikin nan amana ne, ba ke kika ƙera shi ba. Ki je a yi aikin.

Ni ce mahaifiyarki.

*

Umma,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ki, ya ƙarfin gwiwar? A shafa mini kan yarinya. Yaya kuwa ki ce masa ya jira ni, mutum baki kamar rediyo.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma Umma, aikin gola daban yake. Mai buga tsakiya in ta ji ciwo ta warke, akwai inda za a cusa ta. Raga ɗaya ce, mutum ɗaya ke tsayawa, kuma ba a canza gola sai ta faɗi. Ni ma haka na samu wurin. Wadda ke gabana ta tafi a gyara mata kafaɗa, ta dawo ta tarar da ni, ba ta ƙara buga wasa ba. Yanzu riguna take sayarwa a ƙofar filin, muna gaisawa.

A bayana akwai wata yarinya da muke kira Doguwa, gwiwoyinta sababbi fil, tana zaune a benci tana jira. Kullum sai ta ce, "Anti Gola, ya gajiya?" Ba mugunta take yi ba, amma ta san abin da take tambaya.

Kocinmu ya san da allurar, ya ɗauka zafi kawai take kashewa. Ban gaya masa cewa ba na jin ƙwallon a hannun ba. Da ido nake kamawa yanzu, da sabo.

Na gaji, Umma. Da safe sai na tsoma hannun a ruwan ɗumi kafin in iya riƙe buroshi. Amma ki bar ni in ƙarasa kakar wasan nan.

'Yarki,
Auta.

*

Auta,

Bayan sallama da gaisuwa. Kowa lafiya.

Ranar Asabar yayanki ya kunna talabijin, takwarata ta ja ni na zauna. Kin san ba na kallo, amma na kalla.

Na ga lokacin da aka bugo ƙwallon daga kwana. Kin yi tsalle, ya shiga hannuwanki biyu, ya sulale ta gefen dama ya faɗa raga. Ban san ƙwallo ba, amma na san abin da kika rubuto mini da kanki.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Abin da kika yi bayansa ne. Kin tashi kin nufi 'yar ƙaramar nan mai lamba huɗu, kina nuna ta da yatsa, kina zazzaga mata masifa a gaban jama'a. Yayanki ya ce wai haka gololi suke yi wa masu tsaron baya, al'adar aikin ce. Sai ga shi kocinku ya cire ta, ta fita tana share ido da gefen riga. Takwarata ta tambaye ni, "Me ta yi wa Mama?"

Hannunki naki ne, in kin ga dama ki lalata shi, na faɗi nawa. Amma yarinyar nan 'yar wani ce, ita ma abincinta take nema, kuma ta ɗauki laifin da kin san naki ne. Wannan zalunci ne, ko da wane suna kuke kiransa a filin. Ban haifi azzaluma ba, ban kuma yi miki wannan tarbiyyar ba.

Ba sai kin ba ni amsa ba in ba ki da abin faɗa.

Mahaifiyarki.

*

Umma,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini shirun da na yi, na ga kiran Yaya ban ɗauka ba.

Na je na sami koci a ofis na faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce, "Sai yanzu?" Daga nan na wuce ɗakin canza kaya, na ba mai lamba huɗu haƙuri a gaban kowa. Ta ce, "Anti Gola, da kin bari ma, na riga na yarda ni ce." Suka yi dariya. Ni dai ban iya ba.

Doguwa ce ta tsaya a wasan da ya biyo baya. Ni na naɗa mata filasta a yatsu, don ba ta iya ba, tana matsewa da yawa. Ba a ci ta ko ɗaya ba. Na yi mata tafi daga benci, da gaske na yi.

Ranar Alhamis za a yi aikin. Likita ya ce yatsa ɗaya zai dawo, ɗayan kuma sai an buɗe an gani. Hannun zai daɗe a ɗaure, ko ɗankwali ba zan iya ɗaurawa ba. Koci ya ce wurina yana nan yana jirana. Yana faɗa yana duba wayarsa.

Ban san me zan zama ba bayan wannan, Umma. Ki sa ni a addu'a.

Auta.

*

Auta,

Na karanta. Allah ya yi miki albarka.

Kada ki ɗauko wata baƙuwa ta yi miki jinya ina raye. Na bar takwarata a wurin matar yayanki, ina tafe ranar Laraba a motar safe. Ki share ɗakin nan kafin in iso, na san halinki.

A'a, bar shi. Da wane hannu? In na zo na share.

Mahaifiyarki.