Umma, Na Zaɓa wa Baba Kujera

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, da fatan Allah ya ƙara miki haske a makwancinki, ni ce Bilkisu, autarki, nake rubuto miki daga gidanmu na unguwar Ali Kazaure. Kin san ba na iya magana a gaban mutane, shi ya sa na koma ga rubutu. Idan wasu sun karanta ba komai, tunda ba sa ganin fuskata.

Umma, Baba ba shi da lafiya. Yau sati uku ke nan da ya faɗi a bakin famfo yana alwalar la'asar, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Gwaggo Talatu ce ke jinyarsa a asibiti. Likita ya ce za a sallame shi, amma ba zai ƙara zama a tabarma ba, ba kuma a kushin ɗin falo da ke nutsewa da mutum ba. Sai kujera mai tsayi, mai hannuwan katako, wadda zai dafa da hannun dama ya miƙe. Ya kuma ce kada a kuskura a bari ya sake faɗuwa. Gwaggo ta maimaita mini wannan sau biyu, tana kallon cikin idona.

Baba da kansa ya faɗi irin wadda yake so. Bakinsa ya karkace, sai da na kai kunnena kusa na ji. "Irin ta babana," in ji shi, "ta zamanin kuza." Yana nufin tsofaffin kujerun nan masu nauyi da Turawan haƙar kuza suka bari a gidajensu. Gwaggo ba za ta iya barinsa shi kaɗai ba. Ta kira wani tsoho a kasuwar Katako, Baba Pam, mai tattara irinsu yana gyarawa, suka gama magana ta waya. Saura zaɓa. Ta ce, "Ke za ki je. Ai ke jikar kafinta ce."

Ni, Umma. Ni da ko manja aka aike ni saye sai na yi ta maimaita maganar a hanya.

Kin tuna ranar da kika je da ni Katako sayen bencin zaure, ina aji uku? Kika kifa bencin a ƙasa kina leƙa ƙafafunsa, har mai shagon ya ce, "Hajiya, saye kika zo yi ko bincike aka turo ki?" Ko kallonsa ba ki yi ba. Kika kama yatsana kika ɗora a kan wasu 'yan ramuka kamar sukar allura, kika ce nan gidan ƙwaro ne, yana cinye katako ta ciki ya bar bayan da kyau. Kika ce mahaifinki kafinta ya koya miki a ƙwanƙwasa a ji, a kifa a duba, sannan a zauna a jijjiga. "In ba ki zauna ba, Bilki, ba ki ga komai ba."

Amma ke ce kuma kika koya mini cewa yarinya ba ta hawa kujera manya suna wurin. Sau ɗaya na taɓa zama a wurin zaman Baba, ina 'yar ƙarama, kallon da kika yi mini har yau ina jin sa a ƙeyata.

Ranar Litinin na je. Rumfar Baba Pam tana can ciki, bayan masu yanka katako. Na tarar da shi da wasu dattawa uku a kan benci suna cin gyaɗa. Na durƙusa na gaishe su, muryata ba ta fita ba sai da na sake. Ya nuna mini kujeru. Akwai wata da aka saƙa bayanta kamar kwando, saƙar ta fara tsinkewa. Akwai wata baƙa, mummuna, da tabon wutar taba a hannunta. Sai wata ja, an shafa mata mai tana ƙyalli, an sassaƙa ƙafafunta kamar na zaki. Na ce a raina Baba zai yi kyau a kanta.

Na ƙwanƙwasa ta a hankali, amma injin yanka katako yana ta ihu, ban ji komai ba. Baba Pam ya ce, da irin Hausarsa, "Ka zauna mana, yarinya. Kujera ba hoto ba ne." Dattawan suka daina ɓare gyaɗa suka zuba mini ido. Na ji zufa tana bin bayana cikin hijabi. Yaya zan hau kujerar zaki, su suna kan benci? Yaya zan kifa ta a gabansu, kamar na ce tsohon nan macuci ne? Na sunkuyar da kai na ce, "Ta yi, Baba. Ta yi."

Mai keke mai ƙafa uku ya kawo ta gida. Na kira Gwaggo na ce an samu mai kyau. Ta ce Baba ya yi murmushi da rabin bakinsa.

Ranar Laraba da safe ina shara, na ga wani gari a ƙasa, daidai ƙarƙashin hannunta na dama. Kaɗan ne, bai fi a ɗebo da yatsu biyu ba, kamar garin masara. Na ce ƙila daga rumfa ta zo da shi, na share. Da la'asar na dawo daga Islamiyya, ga shi nan ya sake taruwa.

Na rufe ƙofar falo, na ce Allah ya yafe mini, na zauna. Na dafa hannun dama da dukan nauyina, yadda Baba zai yi. Umma, ya motsa. Ya yi wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara. Ni da ba ni da nauyin komai.

Na daɗe a zaune a ƙasa ina kallonta. Ina ta ganin Baba yana yunƙurin tashi salla, hannun ya ɓalle, kansa ya bugu da siminti, ni ina kicin. Kuma ba wanda zai san dalili sai ni. Ba zan ɓoye miki ba, na yi tunanin in lulluɓe ta da zanenki mai kauri in yi shiru. Na yi tunanin in cusa sabulu a ramukan. Tsoron Baba ya faɗi yana ja na nan, tsoron komawa gaban dattawan nan yana ja na can, kuma ina jin kunyar faɗa miki cewa na biyun ya kusa rinjaya.

Shekaranjiya Alhamis na ƙulle garin a takarda na koma. Na tsaya a bayan wani tulin katako har ƙafata ta yi tsami. Baba Pam ne ya hango ni. "A'a, mai kunya ya dawo!" Na miƙa masa takardar da hannu biyu. Na zaci zai yi faɗa. Ya murza garin a yatsunsa, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce daga wani gida a Bukur ya ɗauko ta da man nan a jikinta, shi ma ƙyallin ya rufe masa ido. "Da babanka ya faɗi, ina zan sa kaina?"

Ya jawo baƙar nan mai tabon taba, ya ce ta katakon maɗaci ce zalla, ta girmi ubansa. Ya kifa ta da kansa, ya sa na bi kowace ƙafa da yatsa. Sannan ya ce, "Oya, zauna. In ba ka zauna ba, ba zan ba ka ba." Na dubi dattawan. Ɗaya ya ce, "Zauna, 'yar nan, mun ba ki aron girma na minti ɗaya." Wani ya ce, "Ran Hajiya ya daɗe, a kawo shayi ne?" Suka yi ta dariya. Na zauna hawaye na zuba. Na dafa dama, na dafa hagu, na jijjiga ta da dukan ƙarfina, har na tashi na sake faɗawa. Ko gezau.

Baƙar ce ke falo yanzu a madadin jar, kusa da taga. Ba ta da kyau, Umma, ban san ko Baba zai so ta ba. Na shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashinta tun ranar, ina dubawa safe da yamma. Yau ma na duba, babu gari ko ƙwaya. Duk da haka gabana bai daina faɗuwa ba. Gwaggo ta kira ɗazu, ta ce bayan azahar za su iso, kuma mutum biyu ne za su riƙo shi daga mota. Ban taɓa ganin an riƙo Baba ba. Ina tsoron kada in fashe da kuka a gabansa.

Na yanke shawara zan tsaya a gefensa na hagu lokacin da zai zauna. Hannun kujerar na dama na gwada shi, zai riƙe.

Allah ya jiƙanki, Ummana, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba Baba lafiya, ya ƙarfafa hannunsa, ya tsare shi daga faɗuwa. Ni kuma Allah ya buɗe mini baki a duk inda shiruna zai cutar da wani. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Bilki